Shekarar da Hansai Ta Ce Mijinta Ya Tafi Gwanja

A zamanin da aka kawo Hansai Tsiga tana amarya, garin bai kai ya kawo ba. Gonakin dawa da auduga ne suka kewaye shi, duk wanda ya saƙa zane mai kyau kuwa Maska yake kaiwa a rina. Ba a ko ji ɗuriyar Nasara ba tukuna, abin tsoron mutane bai wuce fari da mahara ba. Har ta tsufa, in ta tuna da shekarun nan, ƙamshin ƙasa bayan ruwan fari ke fara zuwa mata, sannan muryar mijinta Aƙilu yana tsokanar maƙwabta a hanyarsa ta dawowa daga gona.

Aƙilu manomi ne na ji da faɗi. Ranar gayya, in aka saki gangar noma, shi ake ba kunyar farko. Yakan kai bakin gona, ya juyo ya taryi na bayansa ya kama musu. Ga shi da fara'a, ga kyauta. Ba ya shigowa gida hannu rabbana, ko da ɗinya ce sai ya ciko mata hula. 'Yarsu ɗaya ce, an sa mata sunan mahaifiyarsa, shi ya sa kowa ke kiranta Tsohuwa.

A shekara ta tara da aurensu abin ya soma, gab da faɗuwar damina. Barci ya ƙaurace masa. Magana ta yi ta zuba daga bakinsa, wata ba ta jiran wata. Ya ce zai share daji daga Tsiga har Bakori, ya noma abin da zai ciyar da ƙasar gaba ɗaya. Rannan Hansai ta dawo daga rafi ta tarar ya buɗe rumbu yana rabar da irin shuka ga duk mai wucewa. Mutane suka karɓa suna sa masa albarka, don sun saba da kyautarsa. Bayan kamar kwana arba'in sai wutar ta mutu. Ya zauna a ɗaki ya fuskanci bango, ba ya ci sai an ba shi a baki, ba ya wanka, in an yi masa magana sai hawaye.

Hansai ta san abin da ke biyo bayan irin wannan. A garinsu akwai wani gida da tsohonsu ya taɓa samun taɓin hankali. Shekara talatin da mutuwarsa, amma ba mai neman aure a gidan, wai abin a jini yake. Ta dubi Tsohuwa tana wasan 'yar tsana a tsakar gida, sai ta ɗauki mayafi ta nufi wurin Maiwada, yayan mijinta.

"Yaya, in maganar nan ta fita, yarinyar nan ta shiga uku," in ji ta.

Maiwada ya jima yana zane a ƙasa da tsinke. "To me kike gani?"

"Ayarin fatake ya wuce shekaranjiya. Mu ce ya bi su Gwanja sayen goro. Tafiyar takan ci shekara. Kafin nan Allah ya kawo sauƙi."

Haka aka yi. Suka mai da Aƙilu wani ɗaki a ƙuryar gida, bayan rumbuna. Maiwada ya kama noman gonarsa, Hansai ta kama jinya da rufa-rufa. Ta hana Tsohuwa kawo ƙawaye gida. Maƙwabciyarta Mairo takan leƙo ta katanga ta ce, "Ina labarin matafiya?" Ita kuma ta ce, "Sai alheri." Da kaka Mairo ta aiko mata da ƙwaryar wake don tausayin matar da mijinta ke nesa. Hansai ta karɓa ta yi godiya, amma waken nan ta kasa cinsa.

Asirin ya kai wata damina. Aka yi gayya a wata gona da ke bayan gidansu, makaɗa suka saki ganga tun da hantsi. A kwanakin kuwa barcin Aƙilu ya sake gudu, maganar ta fara dawowa. Hansai tana tsakiyar daka ta ji kiɗan ya yanke. Ta leƙa ɗakin ƙurya ta ga asabari a yaye. Ko takalmi ba ta tsaya nema ba.

Ta same shi a tsakiyar gona, ya rame, suma ta cika masa kai. Ya fizge garmar wani yana ta zabga noma, yana sare dawa da ciyawa gaba ɗaya, yana dariya yana kiran makaɗa su ci gaba. Sai da ƙarti huɗu suka taru kafin suka kai shi ƙasa. Mata masu kawo fura suna tsaye a bakin gona. Mairo ta dubi Hansai, ba tare da ɗaga murya ba, ta ce, "Ashe Gwanja kusa take."

Washegari Maiwada ya ɗora shi a jaki sai Dandume, gidan Malam Abdussamad, wanda ya yi suna wajen maganin masu irin wannan lalura. Hansai ta bar Tsohuwa wurin matar Maiwada ta bi su. A zauren baya aka sa ƙafar Aƙilu a turu, wani gungumen ice mai rami, tare da wasu mutum uku. Safe da yamma ana ba shi rubutu ya sha, a yi masa hayaƙi, Malam da kansa ya zauna kusa da shi ya yi ta karatu. Hansai tana cikin gida tana taya matan Malam surfe da tankaɗe, ana barinta ta kai masa tuwo.

Malam Abdussamad ba mugu ba ne. Da Hansai ta ga idon sawun mijinta ya zama gyambo, ta durƙusa ta roƙe shi.

"Allah gafarta Malam, ko za a sassauta masa?"

"Yarinya, na taɓa sassauta wa wani, ya fita ya faɗa rijiya," in ji shi. "Tun daga ranar, in na sa mutum a turu ina jin nauyi, in na cire shi ina jin tsoro."

Wata huɗu suka yi. Aƙilu ya natsu, ya gane mutane, ya koma salla. Ranar da za su tafi Malam ya kira Hansai gefe ya ce, "Abin da na sani na yi. Wasu in na sallame su shi ke nan, wasu kuma sukan dawo. Har yau ban san abin da ya raba su ba."

A hanya Aƙilu yana ɗingishi, don ƙafar ba ta sake komawa daidai ba. Da suka zauna hutawa a gindin wata ɗorawa ya ce, "Hansai, karatun nan na Malam ya yi mini daɗi, yana sanyaya mini kai. Amma don Allah kada ki bari a sake sa ni a icen nan." Ta yi masa alkawari.

Tsiga ta karɓe su a tsaitsaye. Ba wanda ya kore su, ba wanda ya zage su a fuska. Sai dai in an fito da tuwo ƙofar gida, akushinsa daban ake ajiyewa. A masallaci sai a bar ɗan fili tsakaninsa da na kusa da shi. Mutumin da ake ba kunyar farko, yanzu in za a yi gayya ba a ko gaya masa. Aka daina cewa Aƙilu manomi, sai Aƙilu motsattse. Ita ma Hansai ta samu rabonta, in ta faɗi magana a cikin mata sai wata ta tambaya ko ta Gwanja ce.

Da ciwon ya sake motsawa, ta sayar da akuyarta ta kai shi wurin 'yan bori a ɓoye. Aka yi kwanaki ana kiɗan garaya, aka ce iska ce ta gindin tsamiya, aka yi yanka. Ya samu lafiya wata uku cur, har ta fara sakin jiki, sannan abin ya dawo. Da Maiwada ya ji inda suka je, ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwarta.

Akwai wata dattijuwar Bafillata mai kawo nono gidan, ana kiranta Inno. Wata rana ta shigo ta tarar Hansai ta ɗaure mijinta a jikin turken rumfa da rawani, ta zauna kusa da shi tana yi masa fifita. Inno ta sauke ƙwaryarta ta daɗe tana kallonsu.

"Kwana nawa rabonsa da barci?" ta tambaya.

"Shida, Inna."

"Yayana haka ya yi ta fama har ya yi furfura. Ki kawo shi ruga. Ban ce zan warkar da shi ba. Amma can babu ganga, babu masu leƙe."

Rugar tana kusa da Mahuta, a gefen wata fadama. Suka tafi su uku da niyyar wata biyu, suka shekara uku. Inno tana da wata saiwa da take jiƙawa, mai sa barci. Maganin ma da tasa wahalar. In an ba shi kaɗan, kamar an ba shi ruwa. In an ƙara, sai ya wuni a sanƙame, hannu na rawa, yawu na zuba, har ya ce ya fi son ciwon da wannan mutuwar tsaye. Sai da suka yi damina guda suna gwaji kafin Hansai ta gane iyakar da ke yi masa daidai, ita ma ba kullum ba. Inno ta koya mata lura da alamu: in ya fara tashi kafin zakara, in ya fara lissafin gonakin da zai share, to a fara jiƙo, a rage masa mutane, a ba shi aikin da zai gajiyar da jiki.

Shekarun nan uku su ne Hansai ta fi kewa a duk rayuwarta, ko da yake a bukka suka yi su. Aka ba Aƙilu kula da maruƙa, ya san kowanne da halinsa. Ya noma ɗan fili a tsohon mashekarin shanu, dawa ta yi tsawon da sai an karya ta kafin a yanke. Da yamma maza kan zauna su sha fura a ƙwarya ɗaya, ludayi na zagayawa, in ya zo kansa ya sha ya miƙa wa na gaba, ba wanda ya taɓa ɗauraye shi. Tsohuwa ta koyi tatsa da kaɗa mai. Ita kuwa Hansai a can ta sake jin dariyar mijinta ta ainihi, wadda ba ta ciwo ba. Ciwon ya zo sau biyu suna can. Na biyun ya yi tsanani har ya ƙona bukka guda. Mutanen ruga suka taru suka kafa wata, ba wanda ya ce su tashi.

Da makiyayan suka yi shirin gusawa kudu, sai su Hansai suka koma Tsiga. Tsohuwa ta isa aure. Wani saurayi ɗan masaƙa ya fito, har an kai gaisuwa, sai iyayensa suka aiko cewa a yi haƙuri. Abin da Hansai ta yi ƙarya don gudunsa ya same su duk da haka. Aƙilu ya kwana biyu ba ya magana, ta tsorata ko ciwon ne, ashe baƙin ciki ne irin na kowane uba.

Bayan shekara guda Sada ya fito, jikan Inno, wanda ya bar kiwo ya zauna noma a Mahuta. Ya san komai, da idonsa ya ga bukkar tana ci. Ana gobe ɗaurin aure Maiwada ya zo ya sami ƙanensa a gaban Hansai, ya ce masa:

"Ni zan ba da aure, kamar yadda aka saba. Kai kuma ina ganin ka zauna cikin gida, saboda taro."

Aƙilu ya sunkuyar da kai. "Yaya, lafiyata ƙalau a watan nan. Na yi shekara a ɗaki ana cewa ba na gari. Ba zan ce komai ba, zama kawai zan yi."

Maiwada ya dubi Hansai, yana jiran ta goyi bayansa. Ta ce, "Ni na fara ɓoye shi, Yaya. Bai amfane mu da komai ba. A bar shi ya fita."

Ya fita da farar riga, ya zauna a gefen tabarma. Mutum biyu suka ɗan ja jiki. Wani tsohon makaɗin noma ya taso daga inda yake ya zauna kusa da shi, ya ɓare goro ya ba shi rabi. Aka shafa fatiha, aka watse lafiya.

Aƙilu ya ƙara shekara goma sha shida a duniya. Ciwon bai rabu da shi ba, yakan zo bayan shekara biyu ko uku, wani zuwan da sauƙi, wani da wuya. Sau ɗaya shi da kansa ya ce a kai shi Dandume ya ji karatu, ɗan Malam Abdussamad da ya gaji gidan ya yarda ya zauna ba turu, Hansai na gadinsa. A Tsiga wasu sun saki jiki da shi, wasu har ya mutu ba su ci abinci da shi ba. Ciwon ciki ne ya yi ajalinsa, da kaka, bayan an gama shigar da dawa.

Hansai ta ƙarasa kwanakinta a Mahuta, a ɗakin da Sada ya gina mata. Jifa-jifa wata mace kan zo daga wani ƙauye, ta yi ta kewaye-kewaye da gaisuwa, kafin ta rage murya ta ce ɗan'uwanta ne ko mijinta ba ya jin daɗi. Hansai takan gaya musu gaskiya, cewa ita ba ta da magani mai raba mutum da wannan ciwo, sai ɗan abin da ta koya. Sannan ta sa a kawo wa baƙuwa fura, ta gyara zama, ta ce ta faɗa mata tun daga farko yadda abin ya soma.