Inshorar Tasi'u

Tasi'u ɗan maƙwabcina mugun direba ne, kuma mutanen layinmu ne suka lalata shi. Wasa da mota yake yi a rakiyar amarya. Ya karya ƙafar Inna Marka mai ƙosai, aka ce tsautsayi ne. Daren jiya mafarkinsa na yi.

Na gan mu, layin gaba ɗaya, mun rako shi ofishin inshora, don ba zai sake hawa titi ba sai an sabunta masa. Awaki ne ma'aikatan, shugabansu wani tsohon bunsuru mai tabarau. A waje ruwa na tashi daga kwata yana zuba a sama.

"Wace unguwa?" in ji bunsurun.

"Bayan tasha, Yallaɓai," in ji Tasi'u.

"A shigo da titin."

Aka shigo da titin layinmu a naɗe kamar tabarma. Wata akuya ta shimfiɗa shi tana laluben ramukan. Ta ciro fitilar babur. Ta ciro takalmin ɗan makaranta, ƙafa ɗaya.

"Ramuka na ƙara wa inshora tsada, ɓarayin batir ma haka," in ji bunsurun. Ya juya ga mai unguwarmu. "Baba, in yaron nan ya buge mutum, me kuke yi?"

"Zuwa muke mu ba da haƙuri, Yallaɓai. Ɗan gida ne."

Awakin suka daina tauna.

Sai ga mu a mahauta. Bunsurun yana wasa wuƙa.

"Inshorarsa ta fi ƙarfin kuɗi. Layin da ke ba da haƙuri shi ke biya. Kowane gida ƙafa ɗaya."

"Ni ban taɓa roƙa masa ba," na ce. "Sau nawa na ce a ƙwace makullin motar?"

"A layin kake kwana, Malam. Naɗe wandonka."

Na naɗe. Mutane suka yi jerin gwano, ba mai kuka. Tasi'u na jingine da motarsa yana goge madubi da hularsa.

Mai unguwa ya durƙusa. "Yallaɓai, a yi haƙuri, yaro ne."

"Ƙafa biyu," in ji bunsurun.

Daga baya aka ji sanda tana ƙwanƙwasa siminti. Inna Marka ce.

"Ɗan nan, ni na riga na biya tawa. Ba wanda ya ba ni ko rasit."

Bunsurun ya daɗe yana kallonta. Ya ajiye wuƙar, ya ce kowa ya sauke wandonsa, a kawo igiya.

Ƙarar jarkokin mai ruwa ce ta tashe ni, yana tura kurarsa ta bayan taga. Amma na ji hukuncin kafin in buɗe ido. An ɗaure wa Tasi'u motar a gadon baya. Zai goya ta daga tasha zuwa layinmu kullum har ya mutu, kuma an hana kowa ce masa sannu.