Gutsuren Ƙarshe

Duk wanda ya san Asabe, matar marigayi Bawa, ya san ba ta wasa da jar fitilar majami'a. Kana iya taka mata ƙafa, ita ce ma za ta yi maka sannu, amma ka kuskura ka kaɗa mayafi kusa da fitilar nan, ranar za ka ji bakin mutanen Dogon Dutse. Fitilar ba wata babba ba ce. Ɗan ƙoƙon gilashi ne ja, da lagwani da man gyaɗa, rataye a bango kusa da akwatin ƙarfen da ake ajiye gurasar Jibi. A wurin Katolika, muddin akwai gurasar da firist, limaminsu, ya keɓe a cikin akwatin nan, to Almasihu da kansa yana ɗakin, fitilar kuwa ita ce shaida. In gurasa ta ƙare, sai a bar ƙofar akwatin a buɗe, a kashe wuta. An sha ba Asabe shawara a sa ƙwan lantarki kowa ya huta, ta ce kuran ɗin Arlit, lantarkin da ba ya sallama in zai tafi, ba da ita ba.

Tsoronta yana da dalili. Lokacin da aka rufe ramin ma'adinai na Akokan, ma'aikata suka yi ta ɗaure kaya a kan manyan motocin kamiyo, ƴan Togo, ƴan Benin, ƴan Burkina, har da ƴan uwanta na kudu. Akwai wani ɗan ɗakin addu'a da suke taruwa a can, shi ma da fitilarsa. Aka ce za a kashe ta na ɗan lokaci. Asabe tana tsaye aka hure ta, yau ga shi buhunan siminti ne jibge a ɗakin. Tun ranar ta ƙudurta a ranta cewa fitilar da aka kashe a garin nan ba ta sake kamawa. Ƴaƴanta na Yamai sun gaji da kiranta a salula ta taho ta huta, amsarta ba ta canjawa, ba za ta tafi ta bar Shi shi kaɗai ba.

Firist ɗinsu, wanda kowa ke kira Momper, ya koma Agadez da zama, sai in hanya ta yarda yake zuwa ya yi musu Misa, ya cika akwatin ya tafi. To bana hanya ba ta yarda ba. Ruwa ya sauko daga duwatsu ya yanke ta, motarsa kuma ta zaɓi wannan lokacin ta kwanta. Illiya katikis, mai jan addu'ar Lahadi in babu firist, ya fara raba gurasa biyu, ya koma yana raba rabin, har Lahadin da ta wuce ya ce a yi haƙuri, an daina rabawa. Ɗan gutsure ɗaya ya rage, bai kai farcen babban yatsa ba. Shi aka bari don kada ɗakin ya zama fanko.

Ranar Alhamis da hantsi Asabe tana gyara lagwani sai ta ji sallama a bakin ƙofa. Mairamu ce, matar tsoho Kwami. Musulma ce ƴar Damagaram, ba ta taɓa wuce dakalin majami'ar ba, amma ita ce ke wanke wa mijinta farar rigarsa ta Lahadi tun suna da ƙarfinsu. Kwami kuwa ɗan Togo ne, mai haɗa ƙarfe, abokin aikin Bawa. Ciwon ƙirjin da ya tafi da Bawa shi ne yanzu yake cinsa.

Bayan sun gaisa Mairamu ta ce, "Yaya Asabe, Baban Aïcha ne ya aiko ni. Ya ce a kawo masa abincin nan naku."

Katikis yana wurin aiki, ba zai sauka ba sai gobe, Asabe ce kuma Momper ya ba izinin kai wa marasa lafiya Jibi in babu kowa. Makullin akwatin yana ɗaure a bakin zanenta.

"Ai da ya ɗan jira," in ji ta, tana ta murza lagwanin da ba ya bukatar murza. "An ce ana gyaran hanya. In Momper ya iso sai ya yi mishi duka, har da shafa mai. Ni mi na iya?"

Mairamu ta dube ta, ta ce a hankali, "Ni ban san ka'idarku ba, Yaya. Amma na ga mutuwa a fuskar babana, na ga ta a ta yayata. Ba zai kai gyaran hanya ba. Na faɗa miki saƙonsa, sai an jima."

Ta juya ta tafi, ba fushi, ba ƙorafi. Da ma ta zage ta, da Asabe ta fi jin daɗi. Kunya ta rufe ta har cikin ƙashi. Ta zauna a bencin gaba tana kallon akwatin, tana ta gardama da kanta kamar mai ciniki a kasuwa. Can dabara ta faɗo mata. Ai ko gutsuren gutsure ne, Almasihu yana cikinsa gaba ɗaya, haka aka koya musu. Za ta raba shi biyu a can, ta ba Kwami rabi, ta dawo da rabi. Kowa ya samu, fitila ba ta mutu ba. Sai ta ji ranta ya yi sanyi, har ta yaba wa kanta da wayo.

Ta wanke hannu, ta durƙusa, ta buɗe akwatin. Ta sa gutsuren a ɗan gwangwanin azurfa mai kamar na man leɓe, ta jefa shi a ƴar jaka, ta rataya a wuya cikin riga. Ta mayar da ƙofar akwatin ta rufe, ta bar fitila tana ci.

Mai ɗauke da Jibi ba ya magana a hanya, wannan kuwa ba ƙaramin horo ba ne ga mace irin Asabe, wadda ko akuya ta gifta sai ta tambaye ta mutan gida. Ta bi gefen titi rana na dukan kanta, hannunta dafe da ƙirji. Motar ma'aikata ta wuce ta bule ta da ƙasa, ba ta ce uffan ba. Fatahu mai shagon shayi ya ɗaga murya zai fara tsokanarta kamar kullum, da ya ga inda hannunta yake sai ya haɗiye maganarsa, ya rage ƙarar rediyo har ta wuce. Mutanen layin sun daɗe da sanin wannan tafiyar.

Gidan Kwami yana can ƙarshen unguwa, inda katangu rabi laka ne rabi durom da aka buɗe aka shimfiɗe. Mairamu ta ɗaga mata labule. Ashe ta riga ta shimfiɗa farin ƙyalle a kan ƴar kujera, ta ajiye kofin ruwa, kamar yadda ta saba gani ana yi. Ta koma bakin ƙofa ta zauna da carbinta.

Kwami ya rame har Asabe ta ƙi yarda da idonta. Ƙaton da ke ɗaga ƙofar ƙarfe shi kaɗai, yau numfashi ne yake ɗagawa da kyar. Amma bakin nan yana nan.

"Madam Bawa," ya ce, "ka yi latti."

Shekara da shekaru a ƙasar Hausa, har yau mace da namiji duk "kai" ne a wurinsa. Asabe ta daɗe da daina gyara masa. Ta durƙusa ta ajiye gwangwanin a kan ƙyallen, suka yi addu'ar tuba tare, ita da Hausa, shi da yaren garinsu, suka haɗu a Ubanmu wanda ke cikin sama. Da ta buɗe murfin sai ya ɗago kai ya leƙa.

"Shi ke nan wanda ya rage?"

"Shi ke nan."

"Ka kashe fitila?"

Ta girgiza kai. Ya yi wata ƴar dariya da ta koma tari, Mairamu ta taso ta tallafe shi har ya lafa.

"Na san ka," in ji shi. "To raba. Ba ni kaɗan, ka mayar da saura. Ni ba mai ci da yawa ba ne yanzu."

Abin da ta zo yi ke nan, ga shi an ba ta izini ba ta roƙa ba. Ta ɗauki gutsuren da yatsu biyu. Ya bushe ƙayau da zafin Arlit, ba shi da nauyin komai. Ta sa farce a tsakiyarsa. Sai ta dubi Kwami, leɓɓansa a tsage, ya buɗe baki yana jira kamar ɗan tsako, mutumin da ya ɗauki makarar mijinta a kafaɗa, yanzu kuma yana rage rabonsa na ƙarshe don kada ranta ya ɓaci. Tausayi ya kama ta, ta ji haushin kanta. Wa ya taɓa zuwa wurin mai tafiya mai nisa ya gutsure masa guzuri ya koma da saura gida?

"Jikin Almasihu," ta ce, ta ɗora masa shi duka a harshe.

Ya ce amin, ya rufe ido. Ta ba shi ruwa ya kora. Da ya buɗe ido ya ga gwangwanin wayam, bai yi mata faɗa ba, ya dai kama bakin mayafinta ya riƙe na ɗan lokaci, sannan ya sake.

Komawa ta fi zuwa nisa. Yanzu tana da damar gaisawa da kowa, amma bakin ya ƙi buɗuwa. Ta shiga majami'a, ga fitila tana ci abinta a gaban akwatin da babu kowa ciki. Asabe ta buɗe ƙofar akwatin ta bar ta a hangame yadda ka'ida ta ce. Ta hau ɗan benci, ta kawo bakinta kusa da gilashin, ta ja numfashi. Ta kasa. Ta sake ja, hawaye suka riga iskar fita. Barinta tana ci ƙarya ce, kowa ya shigo zai durƙusa wa akwati fanko. Kashe ta kuma, ita dai ta san abin da ta gani a Akokan.

Tana tsaye a kan bencin nan, tsohuwa da ita, tana kuka kamar yarinya, sai wani tunani mai sauƙi ya zo mata. Fitilar nan ai ba ta bango ba ce, ba ta akwati ba ce. Aikinta ta nuna inda Yake. Ita kuwa Asabe ta san inda ta kai Shi, da hannunta ta kai Shi.

Ta zare ƙoƙon daga marataya, ta kare shi da mayafi, ta ja ƙofar majami'a ta kulle. Mutanen layin sun ga abubuwa da yawa a Arlit, amma ba su taɓa ganin mace da fitila a kunne da la'asar sakaliya ba, tana takawa a hankali kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono cike. Iska ta taso wajen tashar kabu-kabu, wutar ta kwanta har ta kusa tafiya, Asabe ta juya mata baya ta tsaya cak sai da ta miƙe. Man ya zubo ya ƙona mata yatsa, ba ta saki ba.

Da ta iso gidan Kwami, Mairamu ta ga abin da ke hannunta, ta janyo kujerar nan mai farin ƙyalle kusa da kan gado. Jan haske ya kwanta a bangon laka. Kwami ya juyo da kyar, ya daɗe yana kallo.

"Madam Bawa, wannan ba doka ba ne."

"Na sani. Yi shiru ka huta."

"Momper zai yi faɗa."

"In ya iso ya yi."

Ya yi murmushi, bai ƙara magana ba. Matan biyu suka zauna, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kowacce da abin jan addu'arta a hannu, kowacce tana motsa baki da abin da ta iya. Maƙwabta suka riƙa leƙowa suna yin sannu suna komawa. Wata ta aiko da kunu, ya huce a inda aka ajiye shi. Numfashin Kwami ya riƙa yin nisa da juna, yana tafiya yana dawowa, har aka fara kiran magariba a masallacin layin. Kafin ladan ya sauke, numfashin ya tafi bai dawo ba.

Mairamu ce ta shafe masa ido, ta ja zane ta rufe shi, ta yi salati a hankali. Ta daɗe a sunkuye, sannan ta share fuska ta dubi fitilar. Man ya ja baya, wutar ta fara tsalle.

"Yaya, akwai man gyaɗa a madafa. In ƙara mata?"

Asabe ta dubi gadon, ta dubi wutar. Ta laluba cikin ranta tana neman tsoron nan da ta kwana da shi ta tashi da shi shekaru, ta tarar baƙin ciki ne kawai a wurin, na rashin Kwami.

"A'a, ƙanwata," ta ce. "Ta gama aikinta na yau."

Ta lashi yatsunta biyu, ta kama lagwanin da kanta.