Cin da Aka Bar wa Gola

Har yanzu Gola ake ce masa a unguwa, ko da yake rabonsa da tsaron raga tun ranar da injin masaƙa ya cinye masa hannun dama. Da aka sallamo shi daga asibiti sai ya daina fita. Yayarsa ce ta gaji da ganinsa kwance yana kallon rufin ɗaki, ta sayo masa na'urar wasan ƙwallo ta talabijin, ta sa mai gyaran rediyo ya jera masa maɓallan takawa a kan katako. Hannun hagu na juya 'yan wasa, ƙafafu na bugu. Sannu a hankali ya goge, har ya samu shiga gasar gari.

A zauren gasa, alƙali ya ɗaga katakon yana jujjuyawa.

"Dokarmu ba ta san wannan ba."

"To yau ta sani," in ji Yaya. "Ko naka hannun za ka ara masa?"

Aka kwashe da dariya. Alƙali ya sosa ƙeya, ya ce a jona.

Da zakaran bara aka haɗa shi, wani dogo mai tabarau. Kafin a fara, Dogo ya saci kallon hannun rigar Gola da aka naɗe da allura, ya yi saurin kau da kai.

Tun ba a je ko'ina ba Gola ya gane akwai lauje cikin naɗi. Ya daɗe a raga, ya san bugun mai neman ci, ya san na wanda ba ya so. Dogo sai ya zo bakin raga ya ɗaga ƙwallo sama. 'Yan bayansa kuwa darewa suke kamar ana buɗe ƙofa. Gola ya ci, ya ƙara.

Zaure ya miƙe da tafi, wayoyi duk a kan Gola ana ɗaukar hotonsa.

"Me ya sa ka yi min haka?" Gola ya tambayi Dogo.

"Haba ɗan'uwa, ai gwanda kai ma ka ji daɗi."

Gola ya roƙi a sake wasan. Alƙali ya ce abin da aka gama an gama. A zagaye na biyu zuciyarsa ba ta wurin, ƙafarsa ta yi ta kuskuren maɓalli, aka yi waje da shi. Nan ma sai da aka tafa.

A bakin titi suna jiran mota, Yaya ta dube shi.

"Ai ka yi ƙoƙari, ƙanena."

"Kin ga bar min Dogo ya yi, ko?"

Ta sunkuyar da kai. Motar farko ta zo a cike, ta wuce su.