Politik Ɗin 'Yar Alhaji Mudi

Alhaji Mudi mai atamfa mutumin kirki ne, kowa a unguwar New Bell ta Douala zai gaya maka haka, amma yana da hali guda da ya gagari gyara: ba ya bari a kai ƙarshen magana. Kana cikin faɗa zai cafke kalma ɗaya ya ruga da ita, sauran kuwa ka riƙe kayanka. A rumfarsa ta Marché Central wannan hali bai taɓa cutar da shi ba, don mai saye na buɗe baki ya riga ya sauko da turmin da take so. A kan 'yarsa Fauziya ne abin ya so ya zama rigima.

Fauziya tana karatun digirin dakta a Faransa, ta daɗe rabonta da gida. Wata cibiyar bincike a Douala ce ta ɗauke ta aikin ɗan lokaci, irin wanda ake bai wa ɗaliban dakta a dogon hutun da Turawa ke kira na bazara. Bazara wai! A Douala lokacin ne sama ke tsagewa ta yi ta zuba kamar ba za ta daina ba. Aikinta shi ne ta bi unguwa ta ji daga bakin mutane yadda tsarin hukuma na magudanun ruwa yake shafarsu. Akwai kuma abin da ta ɓoye a ranta: an ce mata idan ta yi abin kirki, cibiyar za ta iya riƙe ta dindindin bayan ta kammala. Dawowa gida ke nan, abin da ta fi so a duniya. Ba ta gaya wa mahaifinta ba, don kada ta sa masa rai abin ya zo bai yiwu ba.

Da ta kira shi a waya, Hausar ta ɗan ƙwace mata, sai ta zame zuwa Faransanci kamar yadda kowa ke yi a nan. Ta ce za ta zo ta yi bincike a kan politique publique. To a Faransanci kalmar ɗaya ce, da tsarin da hukuma ke bi wajen aiki da siyasar neman ƙuri'a, duk politik ne. Alhaji ya ji "zan zo," ya ji "politik," ya yi hamdala ya kashe waya. Kafin la'asar masallaci ya ji labari, kafin magariba har masu kifi a Youpwé sun san 'yar Alhaji Mudi za ta tsaya takara.

Ranar da ta sauka ana tsuga ruwa. Mamaki ya kama ta da ta ga masu babur na ɗaga mata hannu suna kiranta onorab kamar wata 'yar majalisa, amma ta ɗauka zolaya ce irin ta 'yan unguwa. A gida Goggo Lauratu, ƙanwar mahaifinta da ta raine ta tun rasuwar mahaifiyarta, ta rungume ta tana kuka tana faɗan ta rame. Fauziya ta nufi ɗakinta da ɗoki, sai ji ta yi ta yi tuntuɓe, saura kaɗan ta ci da baki. Dokin ƙofar ya yi tsawo har kusan gwiwa. Goggo ta ce aikin babanta ne, duk damina sai ya kira magini ya ƙara masa siminti. Fauziya ta lura sauran ɗakunan gidan babu mai irinsa, har da na Alhajin, amma gajiya ba ta bar ta ta tambaya ba.

Washegari a cibiya, shugabarta Madam Ekedi, wata doguwar mata mai magana a hankali, ta shimfiɗa mata sharaɗi guda. Cibiyar ba ruwanta da jam'iyya. Duk ɗalibin da aka gani yana taron siyasa, ko da hular wani ya sa, ranar aikinsa ya ƙare. Fauziya ta yi murmushi ta ce wannan ai mai sauƙi ne.

Ina sauƙi! Gidan da ta shiga duk sai a shimfiɗa mata sabuwar tabarma a kawo lemo. Ta tambayi yadda ruwa ke shiga musu, a ce ai lafiya lau, tunda ga ta ta zo komai ya wuce. Wani tela ya ce ƙuri'un gidansa duka nata ne, har da ta surukarsa da ba ta san an yi ba. Wata tsohuwa ta riƙe mata hannu ta ce idan an hau kada a manta da ita a rabon shinkafa. Fauziya ta yi ta yawo a cikin taɓo ta dawo ba ta samo amsar tambaya ko ɗaya ba, ranta duk ya jagule.

A tsakar gida ta tarar da dalilin abin. Goggo Lauratu da matan unguwa sun baje turamen atamfa kore iri ɗaya suna rabon anko. Goggo ta ce na taron Asabar ne, wanda Alhaji ya kira don ya gabatar da ita ga jama'a. An kama kujeru, an yi maganar rumfa, mai unguwa ma ya ce zai zo. Fauziya ta dafe kai. Ranar Asabar ɗin ce Madam Ekedi ta ce za ta leƙo New Bell ta ga yadda take hira da mutane.

Fauziya ta so ta yi fushi, wallahi ta so. Amma da ta isa rumfar mahaifinta a kasuwa ta hango shi yana nuna wa maƙwabta hotonta a waya, bakinsa har kunne, sai fushin ya narke ya bar mata tausayi. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta roƙi arziki guda, ya bari ta kai ƙarshe. Sau uku yana yunƙurin katse ta, sau uku tana cewa don Allah Baba. Ta warware masa politik biyun dalla-dalla, ta ce ita ba ƙuri'a take nema ba, tambaya kawai aka aiko ta yi.

Alhaji ya shafa gefen wani turmi. Ba maganar kujerun da ya kama ya yi ba, ba kuma ta kunyar da zai sha ba.

"To in an gama tambayar, komawa za ki yi ke nan?" ya ce. "Ni na ɗauka mai takara dole a unguwarsu yake zama."

Nan Fauziya ta gane abin da ya sa kalmar ta yi masa daɗi har ya kasa jiran sauran. Idonta ya cika. Sai ta fasa ɓoyon, ta gaya masa maganar aikin dindindin, ta kuma gaya masa sharaɗin Madam Ekedi. Idan matar nan ta zo ta tarar da taron siyasa da sunanta, dawowar ta rushe. Ta ce gara a aika gida-gida a ce an fasa.

Alhaji ya ce a'a. Wanda ya tara mutane da bakinsa, da bakinsa zai sallame su. Ta bar masa.

Asabar ta zo da hadari baƙi ƙirin. Rumfa ta cika maƙil, mata sun yi kore shar, wani ma ya zo da kalangu ba a gayyace shi ba. Ana cikin haka tasi ta sauke Madam Ekedi a bakin layi. Ta tsaya da lemarta tana kallon ankon, tana kallon mai kalangu, sannan ta juyo ta kalli Fauziya. Fauziya ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Alhaji Mudi ya miƙe, ya gyara babbar riga, ya yi sallama. Ya yi maganar da Hausa, yana maimaitawa da Faransanci don baƙuwa ta ji.

"Jama'a, ni na ce muku 'yata za ta yi politik. To kunnena ne ya yi gudu ya bar maganar a baya, kun dai san hali. Ba ta takara, ba ta da jam'iyya, ba ta da shinkafa. Tambaya ta zo yi a kan ruwan da ke cinye mu. Mai son dariya ya yi yanzu, ni na saya."

Sai wani tsohon abokinsa, Malam Sirajuddeen mahauci, ya ce shekara nawa suna faɗa masa ya riƙa jin ƙarshen zance, yau ga shi Allah ya kama shi a gaban mata. Rumfa ta kece da dariya, mai kalangu ya buga masa kiɗa biyu na tsiya, Alhaji ya tsaya yana karɓa yana gyaɗa kai. Mutum ne mai son girmansa ƙwarai, kuma Fauziya ta san abin da tsayuwar nan ta ci masa.

Kafin dariyar ta lafa ruwa ya kece. Nan da nan lambatun bakin layi ya cika ya tumbatsa, ruwa ya biyo ƙarƙashin kujeru, kowa ya ɗage ƙafa ya tattare zani. Babu mai iya tafiya, kuma tunda babu ƙuri'a babu shinkafa, babu sauran dalilin faranta wa kowa. Tsohuwar nan mai maganar rabo ita ta fara, ta nuna ruwan da sandarta ta ce ga shi nan, 'yar nan, ba sai an ba ki labari ba. Tela ya faɗi yadda yake ɗora kekensa a kan tebur duk damina. Wata ta ce an yashe lambatun gabas an bar nasu, shi ya sa ruwan can yake juyowa kansu. Aka shiga gardama a kan wace kwalbati ce ta fara toshewa. Fauziya ta nemi izininsu ta kunna rakoda, tana tambaya suna amsawa har suna katse juna. Da ta waiga, sai ta ga Madam Ekedi a kan benci tsakanin mata biyu masu anko, takalmanta a hannu, Goggo Lauratu na fassara mata.

Da yamma, Fauziya tana taya Goggo kwashe ruwa daga ɗakin Alhaji da bokiti, ta tambayi abin da ya hana a ɗaga nasa dokin ƙofar. Goggo ta ce ta yi maganar har ta gaji. Kullum amsarsa ita ce shi ya saba, amma yarinya ba za ta dawo ta tarar da ɗakinta yana warin ruwa ta ce ba za ta zauna ba. Fauziya ta sunkuya ta ci gaba da kwasa.

Da hutun ya zo ƙarewa, Madam Ekedi da kanta ta zo rumfar Alhaji a kasuwa, wai tana son irin koriyar atamfar nan. Bayan an naɗe mata, ta dube shi ta fara magana a hankali kamar yadda ta saba.

"Alhaji, game da 'yarka. Idan ta koma ta kammala karatunta..."

Bakin Alhaji ya buɗe. Fauziya ta runtse ido. Sai ta ji shiru. Ta buɗe ta gan shi ya damƙe gefen teburi da hannu biyu, ya cije leɓe, gumi na tsattsafo masa kamar mai ɗauke da buhu.

"...muna so ta dawo ta yi aiki da mu. Mun riga mun yanke shawara."

Alhaji bai motsa ba. Ya jira, ya ƙara jira, har maƙwabtan rumfa suka fara leƙowa.

"Madam, kin gama?"

"Na gama, Alhaji."

Sai a lokacin ya saki teburin. Ya juya baya yana gyara turamen da ba su buƙatar gyara, yana share fuska da hannun riga, yana faɗan wai rufin kasuwar nan ya fara yoyo. Ranar kuwa ko ɗigo ba a yi ba.