Kundin da Aka Hana Fahimta

Mafarkin da na yi daren jiya ya mayar da ni makarantar nazarin kasuwanci ta jami'armu, ranar da ɗalibata Ladidi za ta kare kundin digirinta na uku. Shekararta ta ƙarshe ce. Idan ta faɗi, an kore ta.

Ruwa na tashi daga ƙasa zuwa sama, don haka kowa ya riƙe lemarsa a ƙarƙashin ƙafa. Shugaban tsangayar bunsuru ne mai tabarau. Ban yi mamaki ba, na yi aiki da waɗanda suka fi shi wari.

A zauren, alƙalai suka buɗe shinkafa da kajin da Ladidi ta kawo, suka karanta su a tsanake har da gyaran kuskure. Sannan suka cinye kundin.

Binciken kan yadda tumatir ke ruɓewa ne tsakanin gona da kasuwa. Bunsurun ya gama tauna babi na huɗu, ya ce ya yi laushi da yawa. Bincike na gaske, in ji shi, maƙalewa yake a maƙogwaro. Dokar makaranta kuwa a fili take: duk kundin da wani mutum ya fahimta ya faɗi.

"Farfesa, kai ka ce in rubuta yadda kowa zai gane," in ji Ladidi.

Na ce a sa laifin a kaina. Aka ce babu gurbin laifi bana, sai baɗi.

Sai ga mu a tsakar gidana, alƙalan na zaune kan igiyar shanya. Suka aika a kawo mutumin gari don gwaji. Aka shigo da Asabe, matata, da zanen da muka rufe makararta da shi a kafaɗa. Ladidi ta karanta mata kundin daga cikin bunsurun. Asabe na gyaɗa kai, na kuwa san gyaɗawar: ta gane har da abin da ba a rubuta ba. Ba ta taɓa yi wa kowa ƙarya ba, ko likita.

Bunsurun ya tambaye ta ko ta fahimta. Ta dubi yarinyar, ta dube ni.

"Ranka ya daɗe, ban fahimci komai ba. Irin maganar Malam ce sak."

Aka yi tafi da kofato. Aka ba Ladidi digirin, aka umarta a buga kundin a mujallar da ake ajiyewa cikin rijiya.

Asabe ta gyara mini wuyan riga. "Ka rame," ta ce. "Wa ke maka miya?"

Na buɗe baki ke nan, injin markaɗen maƙwabta ya tashi. Gari ya waye, ana niƙa tumatir. Na tuna Ladidi ta gama tun bara, tana koyarwa a Gusau. Na ɗan ƙara kwanciya, ko Asabe za ta dawo ta ji amsar.