Tabon Amiru

A tashar Rano, in ka shigo ta ƙofar da motocin Kibiya ke lodi, rumfar farko a hannun dama ta Tani ce mai shinkafa da wake. Mijinta direba ne, ya rasu a hanyar Kano tun ɗansu Amiru yana ƙarami, ita kuwa ba ta sake aure ba. Da wannan tukunyar ta raini yaron har ya zama saurayi.

Amiru ya taso dogo mai faɗin ƙirji, amma abin da ido ke fara gani a jikinsa tabo ne. Yana yaro ya faɗo daga amalanke a gonar baffansa Isiyaku a Kibiya, bakin garma ya tsaga masa fuska daga gira har haɓa. Raunin ya warke ya janye masa leɓe sama, ko murmushi yake sai ka ce zagi zai yi. Tsokanar yara ta sa ya bar makaranta. Ya saba tafiya kai a sunkuye, in ana masa magana ya juyo da lafiyayyen ɓarin fuskar. Shi ke ɗebo wa Tani ruwa, shi ke faskare. Ko kaza aka ce ya yanka, sai ya kai wa mahauci ya tsaya daga nesa.

Wata shekara bayan an gama girbin dawa, sai ga wata tsohuwar bas ta sauke masu shirya fim daga Kano. Kyamararsu ɗaya, da ƙaramin janareto, da buhu cike da wuƙaƙen katako da aka shafa wa farin fenti. Shugabansu, wani siririn mutum mai yawan magana, sunansa Muhammad Sani, shi ne darakta, shi ne kuma mai fim ɗin. Ya ce labarin 'yan daba za su yi, kuma a birni ba a barin su su sake, shi ya sa suka zo duwatsun bayan gari. Suka yi ciniki da Tani ta riƙa dafa musu abinci. Har zoɓo suka sa ta dafa mai kauri a dama shi da sitaci, wai shi ne jini.

Ranar da Amiru ya kai musu kwanukan abinci gindin dutse, daraktan ya bar abin da yake yi ya zuba masa ido. Amiru ya juyar da kai kamar yadda ya saba.

"A'a, juyo min da wancan ɓarin," in ji Muhammad Sani. "Ka san wata nawa na yi ina neman irin wannan fuskar?"

Da yamma yaron ya dawo yana ba uwarsa labari. Wai shi zai fito a matsayin shugaban daba, mai suna Barandami. Tani ta aika wa Baffa Isiyaku. Ya zo da kansa a kan babur, ya ce shi bai yarda ba, ɗan mutunci ba ya wasa da kamannin 'yan iska, wanda ya yi rawa da kura wata rana sai ta cije shi. Tani ta san gaskiya ya faɗa. Amma ta ga abin da shi bai gani ba. Tun ranar da garma ta tsaga yaron, ba a taɓa samun wanda ya dubi tabon nan ya ce yana so ba. Ta ce wa Baffa wasa ne na 'yan kwanaki, a bar shi ya yi.

Aka yi fim. Tani ta riƙa hango su daga inda take zuba abinci, samari sanye da yagaggun riguna da layu na ƙarya, suna bin juna da gora a tsakanin duwatsu, wannan ya faɗi a watsa masa zoɓo, a ce ya tashi a sake. Amiru sai an yi ta fama da shi kafin ya ɗaga adda da ƙarfi, in ya bugi wani kuma sai ya tsaya ba shi haƙuri, jama'a su yi ta dariya. Da suka gama suka sallame shi da abin da bai taka kara ya karya ba, da riga mai hoton damisa, suka hau bas ɗinsu.

Bayan 'yan watanni faifan ya iso Rano. A gidan maƙwabciyarta Maimuna Tani ta kalla, cikin mata da yara. Ta ga ɗanta ya fito daga bayan dutse, kyamara ta cika talabijin da tabonsa. Da ya buɗe baki sai ta ji muryar wani ƙato can daban, mai kaushi, don an ce tasa ta yi sanyi da yawa an ɗora masa wata. Muryar ta yi ashar, hannun ɗanta ya sari mutane, ya fasa shago, ya shaƙe wani tsoho. A ƙarshe aka kama shi, wani malami ya fito ya yi ɗan gajeren wa'azi a kan tarbiyya, don masu tace finafinai su bari a sayar. Yaran ɗakin ba su tsaya jin wa'azin ba, suka ce a mayar baya wurin saran.

Daga nan sunan Amiru ya ɓace a tasha, sai Barandami. Gidajen kallo na Rano da Kibiya har Dawaki suka yi ta maimaita fim ɗin. Yara suka sassaƙa addunan kara suna zana tabo da gawayi a kumatunsu. 'Yan acaɓa na ɗaga masa hannu, kwandastoci na saya masa shayi. Tani ta lura ya daina sunkuyar da kai. Wannan ya yi mata daɗi, ba za ta ce bai yi ba. Halinsa kuma bai sauya ba, yana nan yana ɗebo ruwa, yana salla a masallacin tasha. Sai dai dattawan da suke amsa gaisuwarsa da fara'a sun koma amsawa a gajarce.

Ana haka zaɓen ƙananan hukumomi ya matso. Wani Sule, mai tara wa wani ɗan takara samari, ya fara zama a bencin Tani yana cin abinci yana jan Amiru da hira. Abin da yake so kaɗan ne, in ji shi: Amiru ya hau bayan a-kori-kura ranar yawon neman ƙuri'a, ya ɗaga gora kawai. In 'yan hamayya suka ga Barandami ba wanda zai matso. Tani ta ce ba da yawunta ba. Ta faɗa wa Sule a gaban mutane, ta faɗa wa yaron a gida.

"Inna, tsayawa kawai zan yi," ya ce da ita. "Kamar dai a fim. Ba wanda zan taɓa."

"A fim akwai mai cewa a tsaya," in ji ta. "A can wa zai ce?"

Ranar kasuwar Kibiya da hantsi ta nemi mai ɗebo ruwa ta rasa.

Wajen azahar wani direba ya shigo tasha da motarsa ba fasinja, ya zo rumfarta ya tsaya yana murza hula. Daga bakinsa ta ji yadda aka yi. Ayarin su Sule ya haɗu da na 'yan hamayya a bakin kasuwa, wajen 'yan tumatir. Su waɗancan sun ɗauko yara daga birni, na gaske, masu ƙwaya a kai da ƙarfe a hannu. Su ma sun kalli fim ɗin. Suna hango Amiru a bayan mota suka bar kowa suka nufo shi, kowa na son a ce shi ya kayar da Barandami. Samarin Sule suka dire suka watse. Amiru ya tsaya riƙe da gora bai san abin da ake yi da ita ba. Da suka kawo sara ya kare kansa da hannun dama.

A asibitin Rano ta same shi, an naɗe shi da bandeji tun daga kafaɗa. Likita ya ce zai rayu, amma jijiyoyin hannun sun yanke, yatsun ba za su ƙara damƙa ba. Ta zauna a gefen gadon tana kora masa ƙuda da bakin mayafi. Da ya farfaɗo ya gan ta sai ya juyar da fuskarsa bango, ita kuma ba ta ce masa ai na faɗa maka ba.

A wannan rikicin an kashe mutum guda, wani mai tumatir, Ramalan, magidanci mai 'ya'ya biyar, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Ba wanda ya ga wanda ya sare shi. Amma kowa ya ga Barandami a kan mota, kuma kowa ya taɓa ganin abin da Barandami ke yi. Kafin Amiru ya bar asibiti magana ta gama Kibiya ta iso Rano cewa shi ne. An zo an yi masa tambayoyi, ba a sami hujja ba, aka ƙyale shi. Bakin mutane ne bai ƙyale shi ba. Sule ya ce shi bai gayyace shi ba, ganinsa kawai ya yi a mota. Direbobin Kibiya suka koma cin abinci a rumfar gaba. Tani ta je yi wa matar Ramalan ta'aziyya, aka bar ta a zaure har ta gaji ta taso.

Sai ta yi tunanin in mai fim ɗin ya zo da kansa ya gaya wa jama'a cewa muryar ma ba ta yaron ba ce, wataƙila a ji. Ta rufe rumfa ta hau mota zuwa Kano, ta yi ta tambaya har aka nuna mata benen da ofishinsa yake. Ta tarar da kwaɗo a ƙofa. Wani mai gyaran rediyo a ƙasan benen ya ce mata an dakatar da yin fim a jihar gaba ɗaya, su Muhammad Sani sun kwashe kayansu sun koma Kaduna. Ta sha ruwa a wurinsa, ta juyo.

Baffa Isiyaku ya ce a kai yaron Lausu wurin wani amininsa mai lambun albasa, ya zauna har ƙura ta lafa. Amiru ya je. Hannu ɗaya ba ya riƙe fartanya, ba ya jan guga. Ya yi rani guda yana korar awaki daga lambu, ya dawo ya rame, ya koma zaman ɗaki. In Tani ta dawo daga tasha takan same shi yadda ta bar shi, abincin rana a rufe. Faifan kuwa sai ƙara kasuwa yake, masu turawa a baro suna cewa ga fim ɗin wanda ya yi kisa da gaske.

Damina ta wuce, sai ga Muhammad Sani a tasha, ya yi ƙiba, da tabarau. Ya durƙusa ya gaishe da Tani, ya jajanta, ya ce wallahi sai daga baya ya ji. Ta roƙe shi abin da ta je Kano nema. Ya ce ai wannan ba matsala ba ce, za a yi, amma yau sauri yake. Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. 'Yan kasuwa sun matsa masa a yi kashi na biyu, a Kaduna za a ɗauka, kuma ba Barandami in ba Amiru. Da ta ce masa hannun ya mutu, sai ya ce an riga an sa wannan a cikin labarin.

Tani ta ɗauki ludayi ta ci gaba da juya miya, ta ce ya tashi ya ba masu cin abinci wuri. Amma a tasha magana ba ta ɓuya. Kafin la'asar Amiru ya ji, ya fito da ƙafarsa, karo na farko cikin makonni, ya same ta tana wanke kwanuka. Ya tsuguna kusa da ita.

"Inna, a nan in na fito mata janye 'ya'yansu suke. A Lausu ko akuya ba ta jin tsorona. Mutumin nan shi kaɗai ne yake nemana."

"Ba kai yake nema ba."

"Na sani," ya ce. "Amma ni zai ɗauka a mota."

Ta daɗe tana cuɗa kwano ɗaya. Ta nemi abin da za ta ba shi a maimakon wannan, ta duba Rano, ta duba Kibiya, ba ta samu ba. Da Baffa Isiyaku ya ji ya aiko cewa in yaron ya tafi kada ya ƙara taka masa gida. Washegari da safe ta soya masa gyaɗa, ta ƙulla masa garin kunu, ta ɗaura masa maɓallan riga da ba ya iya ɗaurawa. Ta ce ya riƙe salla, kada ya sha abin da aka miƙo masa in bai san ko mene ne ba. Motar ta tashi daga gaban rumfarta, yaran tasha na bin ta da gudu suna kiran Barandami. Muhammad Sani bai tsaya ya yi wa kowa bayani ba.

Kashi na biyu ya fito, aka yi na uku, daga nan wasu masu fim ɗin suka riƙa ɗaukarsa, kullum ɗan daba, kullum a ƙarshe a kashe shi ko a ɗaure. Maimuna ce ke ba Tani labari, don ita ba ta ƙara kallo ba. Sallar farko ya zo da turmin atamfa, ya kwana biyu a ɗaki, ya koma. Ta biyu ya aiko da saƙon gaisuwa ta bakin wani kwandasta. Daga baya aka daina yayin irin waɗannan finafinan, aka koma na soyayya da waƙa, labarinsa ya yi ƙaranci. Wani ya ce ya gan shi yana gadin wani gidan kallo a Kaduna, wani ya ce a Jos ne.

Tani tana nan a rumfarta. Direbobin Kibiya sun dawo da kaɗan-kaɗan, don shinkafarta ta fi ta gaba. In motar nesa ta shigo takan ɗaga kai ta duba masu saukowa, sannan ta tambayi na kan benci ko a ƙara masa wake.