Lallen Ƙafar Inna

Inna Fati ta daɗe da ciwon suga, kuma tun bayan babbar sallah babban yatsanta na ƙafar dama ya daina jin komai. Ɗanta Sabitu, mai ɗinkin takalma a Ƙofar Dumi, shi ya jiyo labarin wata injiniya, Dokta Nnenna, da ta zo asibiti tana gwada sabuwar kyamara. Wai jan haske take haskawa a fata, ta nuna yadda jini ke gudu a ciki tun kafin nama ya fara mutuwa. Ranar Alhamis za ta gama, ta tafi da abarta.

Inna ta ce ita kam ba za ta miƙa wa baƙuwa ƙafa duk kaushi da faso ba. Sabitu ya yi dariya, ya ce to a gyara ta mana. Da kansa ya je kasuwar Muda Lawal ya sayo lalle, matarsa Ni'ima ta ƙunsa wa Inna har idon sawu. Lallen ya kama sosai, ja har ya yi duhu. Inna tana ta juya ƙafar, tana cewa amarya ma sai haka.

A asibiti Dokta Nnenna ta gaishe ta da 'yar Hausarta, ta saita kyamarar. Allon bai nuna komai ba sai baƙi. Ta sauya hasken, ta gwada tsakanin yatsu, ta daɗe tana kallo.

"Mama, lallen ya shanye hasken. Ba na ganin jinin."

"Yo 'yar nan, ai don ke na yi shi," in ji Inna.

Sabitu ya tambaya ko a kankare. Dokta Nnenna ta ce kul, ƙafar mai suga ba a kankararta, su dai riƙa duba yatsan kullum, in ya sauya launi su garzayo wurin likita.

Sun duba kuwa. Amma ƙafar duka launi ɗaya ce. Sai da lallen ya koɗe ko'ina suka ga baƙin yatsan bai koɗe ba. Likita ya ce an makara, aka cire shi.

Da ciwon ya warke, Sabitu ya durƙusa yana auna ƙafar don ya ɗinka mata takalmi mai soso a gurbin yatsan. Inna ta ce ya rage mata kuɗi, tunda ƙafar ta ragu. Ya so ya yi dariya, bai iya ba. Ya ci gaba da awonsa, kansa a ƙasa.